Kafar da Ta Buɗe a Shingenmu

Masana sun daɗe suna muhawara a kan abin da ke riƙe zaman lafiyar al'umma. Wasu suka ce adalci, wasu suka ce haƙuri. Ni dai a iya sanina, a layinmu na Trikania, shinge ne.

Itatuwa ne masu ƙananan ganye, kore shar rani da damina, na dasa su tsakanin gidana da na maƙwabcina, wani dattijo ɗan kudancin jihar nan da ya yi ritaya daga masana'anta a Kudenda. Baba muke ce masa. Duk Asabar nakan ɗaure igiya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, in bi kan shingen da almakashi da irin tsantsenin mai duba jarrabawa. Tsayinsa iya wuyana: ya suturta tsakar gida, bai hana gaisuwa ba.

Tun ranar dashe uwargida ta gindaya sharaɗi: "Malam, in ya mutu, bulo za a ja." Katanga kuwa, a garin nan, magana ce. Da wane baki zan gaya wa Baba cewa ba shi nake gudu ba?

Sai wata shekara kafa ta buɗe a tsakiyar shingen, daidai bayan kicin. Rassa suka kakkarye, ganye ya zube. Na zargi gara, na barbaɗa toka. Na zuba kashin kaji. Na rage ruwa, na ƙara ruwa. Kafar sai faɗi take. Na ɓoye wa uwargida, na riƙa shanya tabarma a wurin, wai tana shan iska. Ko ina gaban allo ina koyar da nahawu, hankalina na kan ramin nan.

Wata safiya Baba ya kama ni ina leƙen ƙarƙashin tabarmar.

"Malam, yau ma dubiya? Yaya mai jikin?"

"Da sauƙi, Baba."

"Ka kai shi asibiti mana!" Ya wuce yana dariya.

Da na ga ba makawa, na kai uwargida wurin, na ɗage tabarma, na soma jawabin da na shirya a kan ƙaddara, da roƙon a ɗaga maganar bulo zuwa baɗi.

Ta dubi kafar, ta dube ni.

"Wannan? Ai ta nan muke miƙa wa juna tukunya ni da matar Baba, sama ya yi mana tsawo. Tabarmarka ma takura mana take."