Binciken digirina ne ya rushe rumfar gwaggona

Lokacin da abin nan ya faru ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karanta fannin tsara manufofin gwamnati. A Maamobi aka haife ni, kuma ni ce mace ta farko a gidanmu da ta kai wannan mataki. Kullum da safe in na fito zan hau trotro, wato motar haya, mutanen layi sukan tsokane ni da "minista". Sunan ya shiga kaina, har na fara yi wa unguwarmu kallon matsalar da ni kaɗai na san maganinta.

Da aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai, sai na ɗauki gotar da ta ratsa bayan layinmu, wadda duk damina take toshewa da shara ta tura ruwa ɗakunan mutane. A bakinta mata suke da rumfuna, masu waakye, wato shinkafa da wake, masu koko da ƙosai. Cikinsu har da gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda tun ban yi wayo ba take sana'a a wurin. Da farko matan sun ƙi yi mini magana. Gwaggo ce ta shige gaba, ta ce musu ni 'yarta ce, aikin makaranta ne kawai. Suka saki jiki, suka faɗa mini ba su da takardar izinin zama, kuma in kwantenar shara ta cika ta yi mako ba a ɗauka ba, cikin gotar suke zubawa. Na rantse ba zan rubuta sunan kowa ba, ban kuma rubuta ba. Amma da malamin da ke duba aikina ya ce hujjata ta yi kaɗan, sai na zana taswira, na sa alama a kan kowace rumfa, na haɗa da hotuna.

Shawarata a bayyane take: a fara sama wa matan wani wuri, a riƙa kwashe shara a kan lokaci, sannan a matsar da rumfunan. Ranar da na gabatar da aikin, wani jami'i daga ofishin da ke kula da tsabtar yankin ya halarta. Ya yaba, ya nemi kwafi. Ban koma wajen matan ba, ban tambayi kowa ba. Tunanina kawai ko za su ɗauke ni aikin bautar ƙasa a ofishinsu. A ranar na tura masa.

Bayan wata biyu aka zo aka shafa jan fenti a kan rumfunan, daidai yadda na jera su a taswirata. Wata safiya mota ta zo ta kwashe komai. Sau huɗu ina zuwa ofishin nan ana ce mini in dawo gobe. Da na samu ganin mutumin, sai ya ce sabon wuri sai kwamiti ya zauna, kwashe shara kuma ba a hannunsa yake ba, abin da zai iya shi ya yi. Har yana ce mini in yi alfahari, ba kowane ɗalibi ake aiki da bincikensa ba. Malamina kuwa cewa ya yi haka aiwatarwa take, ya ba ni maki mafi girma. Damina ta dawo, ruwa ya sake shiga ɗakuna kamar ba a taɓa komai ba.

Gwaggo ba ta zage ni ba. Na same ta tana wanke tukwanen da suka tsira, ta dube ni ta ce, "Mu da ba mu yi sukul ba mun san takarda tana tafiya. Ke ba a koya miki ba?" Yanzu a ƙofar gida take sayarwa, masu saye sun watse, matan kuma har yau ba sa sakar mata fuska.

Shekara huɗu ana koya mini yadda ake rubuta shawara, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wa zai karanta ta ba, da abin da zai tsinta ya bar sauran. Ɗalibai 'yan'uwana, ɓoye suna bai isa ba. Kafin ku miƙa wa mai iko abin da talaka ya faɗa muku a kan amana, ku koma ku karanta masa, ku ji ko ya yarda. Ku za ku wuce da digirinku, shi kuwa a nan zai kwana da abin da kuka rubuta.