Ƙuri'ar Lola Saling

A zaman makokin kawuna na fara jin sunanta, ina 'yar shekara goma sha biyu. Ana neman wadda za ta ja addu'ar kwana tara, wata ta ce, "A kira Saling mana." Kakata ta ajiye kofin kofi ta ce, "Ba a gidana ba."

Rosalia Gatuslao, wadda ake kira Lola Saling, wato Kaka Saling, ƙanwar kakata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara talatin duk wanda ya mutu a tsibirinmu ita ke jan addu'arsa. Da ka ta haddace, don ba ta taɓa shiga aji ba. Busasshen kifi take sayarwa a bakin ruwa. 'Yarta ɗaya, Nening, kuma naƙuda ce ta kashe ta a cikin kwalekwale, tun ba a hango asibitin ƙetare ba. Jaririn ma bai zo da rai ba.

Shekara biyu bayan haka zaɓe ya zo. Aka rataya ƙyalle a ƙofar coci, sunayen 'yan takara kashi biyu, masu kare rai da waɗanda aka ce za su buɗe ƙofar zubar da ciki. A kashi na biyu akwai wata likita wadda ta yi alkawarin gina ɗakin haihuwa a tsibirin.

Saling ta rasa sukuni. Zubar da ciki kisa ne a wurinta, ba ta taɓa shakka ba. Ta je ta sami Fada yana cin ayaba a bayan coci.

"Fada, in na zaɓi matar nan, wuta zan shiga?"

"Lola, ke da kike tura mutane aljanna kullum?"

"Bar wasa. Na girmi uwarka."

Ya ajiye ayabar. Ya ce in don a halatta zubar da ciki ta zaɓe ta, babban zunubi ne. In kuwa tana ƙin wannan, amma wani dalili mai nauyin gaske ya ja ta, to ta auna tsakaninta da Allah.

"Nening tana da nauyin?"

"Ba ni ke riƙe da ma'aunin ba, Lola."

Ranar zaɓe, wanda bai iya karatu ba yakan shiga da ɗan'uwa ya cike masa takarda. Saling ta ɗauki Pilar, surukar kakata, don tare suke durƙuso a coci. Ta raɗa mata sunan likitar. Pilar ta ɗago. Tiya take kiranta, wato inna.

"Tiya, kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Cike, hannunki kawai na ara."

Tawadar yatsarta ba ta goge ba labari ya gama gari. A kasuwa mata suka riƙa cewa, "Ga mai addu'ar matattu ta fara nemo wa kanta aiki tun daga ciki." Likitar ta faɗi zaɓe. Ba a gina komai ba. Ba wanda ya sake kiran Saling makoki.

Fada bai hana ta karɓar Jikin Almasihu, gurasa mai tsarki ta coci, ba, har gida ya bi ta ya gaya mata. Ita ce ta daina tashi ta karɓa. Takan zauna a bencin baya har a watse, wai ba ta tabbata ba ko don matan tsibiri ta yi, ko fushi take da Allah a kan 'yarta. Shekara tara tana haka har ta rasu.

Da na girma nakan saci jiki in kai mata shinkafa. Wata rana ta gan ni da littafin da nake rubuta labarin dangi. Inday take kirana, wato 'yan mata.

"Inday, ina ciki?"

Na ce tana ciki.

"To kada ki ce na yi daidai, ban sani ba. Ki dai rubuta cewa sai da na tambaya kafin in yi. Ki karanta wa kakarki wurin."