Anti Mai Reno Ta Je Ganin Ɗanta

A gidan renon da ke bayan tashar mota kowa Anti yake ce mata, har mai gidan renon da ta girme ta nesa ba kusa ba. Ɗakin jarirai ne nata: katifu jere a ƙasa, bokitin wanki, fanka mai ƙara. Ko tana banɗaki ta ji kuka ta san na wane ne, ta san na yunwa ne ko na rigima. Da safe iyaye mata kan miƙo mata yara a gurguje, suna cewa, "Anti, ke kam uwa ce ta gaske."

Yabon uwa dai ba ya yi wa bakin mutane nauyi. Amma ranar da ta roƙi a bar ta ta riƙa zuwa da nata ɗan, mai gidan ta ce ba zai yiwu ba, wai hankalinta zai rabu biyu.

Shi ya sa tun rasuwar mijinta yaron yake hannun yayarta a wani gari, tun yana rarrafe. Da farko takan yi kuka. Daga baya ta daina, ba don ta haƙura ba, abin ne ya daskare mata a ƙirji. Tsoronta ɗaya, kada ya tashi bai san ta ba.

Da aka ba ta hutu sai ta shiga mota. Ta tarar da shi har yana gudu, yana magana.

"Ga shi nan, yau naki ne," in ji yayar, tana gyara mayafi. "Bari in leƙa kasuwa ku saba."

Yaron bai yi ƙiwa ba. Ta yi masa wanka, ta ba shi abinci, ta bubbuga bayansa ya yi barci. Ta zauna tana kallonsa, tana jiran ta ji wani abu. Gajiyar mota kawai ta ji.

Da rana ta yi sanyi, hannunta ya kama abin da ya saba a irin wannan lokaci. Ta goge masa fuska, ta shafa masa mai, ta sa masa takalmi, ta tusa kayansa a jaka, ta zaunar da shi a bakin ƙofa.

"Zauna nan, kar ka ɓata rigarka," ta ce. "Mamanka ta kusa zuwa."

Sai da maganar ta fita ta ji ta. Ta tsaya riƙe da jakar, ta rasa ta inda za ta gyara.

Yaron kuwa bai ga abin gyara ba. Ya gyaɗa kai, ya zuba wa hanya ido. Da ya hango yayar tafe da kwando sai ya miƙe, ya karɓe jakar daga hannunta, ya ce, "Anti, sai gobe."