Kwalbar Popo da Darbejiyar Umma

Matso kusa ka ji, wannan ko 'ya'yana ban taɓa gaya musu ba. Wata Juma'a ce, farkon saukar ruwa, shekarar da na cika tara, muna zaune a hawa na shida na wani bene a unguwar Xiaobei, can ƙasar Sin, Baba ya tafi kasuwar Tianxiu ɗaurin kayan da zai tura Kano. Na buɗe kwalin takalmin da nake kiwon tsutsotsin siliki a ciki, irin waɗanda yaran Sinawa ke saye a ƙofar makaranta, sai na tarar huɗu sun yi laushi, sun yi baƙi, suna wari. Ni da karatu bai taɓa zauna mini ba, kiwon nan shi na iya: in share kashinsu da safe, in goge ganyensu ɗaya bayan ɗaya kafin in hau wanke-wanke.

Kukana ne ya fito da Popo, tsohuwar Basiniyar da ƙofarta ke kallon tamu, wadda aka ce da wannan kiwo ta tashi a ƙauyensu. Ta leƙa kwalin, ta koma ta ɗauko wata kwalba babu rubutu, ruwan ciki ja-ja, yana tashin tafarnuwa da saiwoyi. Da hannu ta nuna mini: a tsince marasa lafiya, a yayyafa wa ganye, a bari ya sha iska.

Umma ta karɓa tana murmushi, amma ƙofa na rufuwa ta kama kwalbar da tsumma ta jefa kwandon shara. "Banza ba ta kai zomo kasuwa. Matar da ko gaisuwa ba ta amsawa? Wa ya san me ta jiƙa, giya ko kitsen alade?" Ta tuno ranar da Popo ta tsaya kallon shanyarmu, har ni ma gabana ya faɗi. Sai ta kwance ƙullin busasshiyar darbejiya da ta taho da shi daga gida, ta dafa, ta wanke ganyen da ruwan. "Abin da ya kori zazzaɓin ubanki, ciwon tsutsa ba zai gagare shi ba." Ba wanda ya tuna da ita ake korar ƙwari daga hatsi.

Tsutsotsin suka daina ci, cikin kwana uku duk suka mutu. Umma ta ce idon tsohuwar ne. Abin da ba ta sani ba, tun kafin ta zuba musu ganyen na ɓoye shida a gwangwanin alewa bayan buhun shinkafa, na kuma tsamo kwalbar daga shara. Na yayyafa wa ganyensu, ina bisimilla. Biyar suka rayu har suka yi saƙar siliki, fari tas.

Yau an rushe benen, inda nake zaune ko sunan maƙwabciyata ban sani ba, balle ta jiyo kukan yarona ta fito. Popo ban taɓa yi mata godiya ba. Umma tana Kano, ta tsufa, har gobe cewa take mayya ce ta cinye mini dabbobi. To kai da ka ji, in gaya mata, ko in bar ta da zatonta?