Tuwon Gidanmu, Miyar Gidan Malam Lawal

A farkon daminar 1993, ina aji biyar na firamare, wata ranar da aka wuni ana yayyafi, aka fito da talabijin ɗinmu mai baƙi da fari ƙofar gida a unguwar Kurmin Sarki ta Suleja, aka ɗora ta kan benci. An ce mutum biyun da ke neman shugabancin ƙasa za su tsaya gaba da gaba su yi muhawara, abin da ba mu taɓa gani ba. Tun la'asar na gama ɗebo ruwa da wanke-wanke, ko carafken da muka saba yi a zaure ban tsaya ba. Yayana Sabo yana riƙe da gorar eriya yana juyawa, jama'a na yi masa ihu, "Ya yi! A'a, koma baya!" Makwabta har da masu zuwa da kujerunsu.

Babana maɗinki ne, haifaffen Suleja, bai yi boko ba. A ɗakunan gefe kuwa akwai ɗan hayarmu Malam Lawal, Bakano, akawu a wani ofis a Abuja, wanda kullum ke fita da asuba ya bi motar ma'aikata. Shekara huɗu suna ciyayya su biyu a kan tabarma ɗaya bayan magariba. Tsarin ba ya canzawa: tuwo daga wajen Innata, miya daga wajen Anti Binta matar Malam Lawal, saboda Allah ya ba ta hannu, ita kuwa Inna, Allah ya jiƙanta, miyarta sai dai a ci da haƙuri. Ni ce mai kai kwanukan da butar wanke hannu.

Da Turanci aka yi muhawarar, kuma rabin masu kallon ba sa ji. Wannan bai hana kowa yanke hukunci ba. Wasu hula suke dubawa, wasu tsayuwa, wata tsohuwa ta ce ita wanda ya fi kama da ƙanenta take so. Baba yana bayan jam'iyya mai alamar doki, Malam Lawal yana bayan mai alamar tsuntsu, kuma sun daɗe suna tsokanar juna a kan haka ana dariya. Da aka gama, Baba ya tafa hannu ya ce nasa ya kayar da ɗayan ƙasa warwas. Malam Lawal, da zafin musu ya ɗebe shi, ya ce a gaban mutane, "Haba Maigida, kai da ko kalma ɗaya ba ka ji ba, ina ka san wanda ya kayar?" Wasu samari suka tuntsire da dariya. Baba ya sa takalminsa ya shige gida. Na ji kunyar kamar ni aka yi wa, har na tsani Turancin da nake taƙama da shi a makaranta.

Washegari Baba ya ce in kai masa abincinsa ɗaki. Haka aka yi ta yi fiye da mako biyu. Aka yi zaɓe, suka tsaya a layi ɗaya, ba abin da ya haɗa su sai sallama. Baba yana tura tuwo da miyar Inna yana ɓata rai, can gefe kuma ina jin Anti Binta tana mitar tuƙin tuwon da ta manta yadda ake yi. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ranar da na ji Malam Lawal yana tambayar ko akwai ɗakin haya can garin Gauraka. Na san idan suka tashi, shi ke nan.

Sai ga rediyo ta ce sojoji sun soke zaɓen. Gari ya yi tsit, ba mai murna ba mai gori. Da magariba Baba ya ce, "Hadiza, shimfiɗa tabarma a waje, ki kawo tuwo. Ban da miya." Ya zauna ya buɗe kwanon, bai taɓa ba. Malam Lawal ya dawo daga masallaci, ya tsaya ya dubi tuwon nan tsirara, ya shige ciki. Can sai ga shi ɗauke da kwanon miya da hannunsa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya durƙusa ya ce, "Maigida, bakina ya yi kaifi. Ka yafe mini." Baba ya tura masa buta ya ce, "Wanke hannu, Malam, tuwo na hucewa."

Yanzu idan ana irin wannan muhawara, kowa a gidana yana ɗakinsa da wayarsa, ana zagin mutanen da ba a taɓa gani ba, a kashe waya a kwanta lafiya. 'Ya'yana sun fi Malam Lawal Turanci, amma ba su san sunan makwabcinmu ba. Baba da Malam Lawal kuwa, har Baba ya rasu ba su daina musun siyasa ba, kuma ba su sake raba kwano ba. Har yau idan na tuƙa tuwo, sai in ji kamar miya tana zuwa daga gefe.