Na Je Kano Ɗauko Mai Zuba Kwal

Ana sallame sallar asuba muka bar Kebbe a bayan babbar mota, ni da maƙwabciyata mai fataucin daddawa. Ba ganin gari ya fitar da ni ba. Ɗana na fari shekara fuɗu ke nan yana Kano, wai aikin gidan wutar lantarki, kuma baffansa ya ce in bai dawo kafin shuka ba, gonar ubansa za a ba wani aro. Na ce ni da ƙafata zan taho da shi.

A Tambuwal muka sha furar kwabo, ruwa ya fi nono yawa, na kuwa gaya wa mai ita. A Sakkwato na fara ganin lantarki. Injinsu mai yake sha, ga ruri kamar bajimi, kuma kafin mu gama cin tuwo ya ɗauke sau biyu. Ban yaba ba.

Daga Gusau muka shiga jirgin ƙasa. Wani dattijo mutumin Yawuri ya ce ana tare kogin Kwara don a fitar da wuta daga ruwa, ba hayaƙi, ba toka. Na ce ni kashe wuta na san ruwa da shi. Bai yi dariya ba. Ya ce gonakinsu ruwan zai ci, an riga an nuna musu inda za su koma.

Gidan wutar Kano yana bayan gari, kusa da kogi. Kwal ɗin daga Inugu jirgi ke kawo shi, tsibi-tsibi. Na ɗauki guda: dutse ne baƙi mai nauyi, ba irin gawayinmu ba. Shi ake ƙonawa ya tafasa ruwa, tururin ya juya inji.

Babban ma'aikatan ya bar ni na tsaya bakin ƙofa. Can na hango ɗana da shebur, zufa ta wanke shi. Ya gan ni sarai, amma bai taso ba sai da ya gama zubi. Na lura ba jibgawa yake ba, watsawa yake daidai, ya duba launin harshen wutar, ya janye toka ta ƙasa. Shekara arba'in ina dafa kalwa, na san hannun da ya iya wuta.

Ya zo ya durƙusa.

"Inna, lahiya?"

"Baffanka ya ce ka zo gida. In ka taho, wa za ya riƙe wagga wuta?"

"Akwai wasu, Inna. Amma in ta yi sanyi, asibiti duhu, famfon gari ya tsaya."

Na kwana uku ina dubawa. Wankin matarsa na shan baƙin hayaƙi a igiya, shi kuma yana tari da safe, wannan bai yi mini daɗi ba. Amma ko sau ɗaya fitila ba ta ƙifta ba.

Ni da maƙwabciyata kaɗai muka sauka Kebbe. Baffansa ya leƙa bayana yana nemansa. Na ce a ba da aron gonar, gaban shaidu, shekara-shekara.

Abin da na gano, kowace wuta akwai abin da take ci: ta Sakkwato mai, ta Yawuri gonaki, ta Kano ƙirjin ɗana. Na aika masa da zuma saboda tarin. Ban ce masa ya iya aiki ba, ba a faɗa wa ɗan fari haka. Ku nake gaya wa.