Randar Inna da Simintin Yaya

Keken Yaya ne ya tsaga randar. Na fara da wannan ne domin shi har ya koma ga Allah bai taɓa yarda ba, cewa yake yi randar ce ta tsufa. Ni kuwa ina tsaye a bakin murhu lokacin da ya shigo, ya jingina kekensa da ginshiƙin rumfa ba tare da ya duba ba, keken ya sulale, ƙarfen taka ƙafa ya daki cikin randar. Ƙarar ba ta da yawa, ɗan ƙas ne kawai, amma na ji ta har cikin haƙorana.

A shekarun nan ne da Faransawa suka fara haɗa kayansu, kowace rumfa a Damagaram, daga unguwar Birni har ta Zango, maganar mulkin kai ake yi. Ni ba ta mulkin kai nake ba. Aurena ya mutu, na dawo gidanmu a Birni, Inna ta rasu, Baba ya tsufa, idonsa ya yi hazo har sai da lalube yake gane ƙofar ɗakinsa. Mu biyu ne a gidan. Yaya, wana da nake bi, yana Zango da iyalinsa, magini ne a wurin da ake yi wa kumandan, baturen mulki, sababbin ofisoshi, yakan leƙo mu da la'asar.

Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya faɗo. Wanda bai yi bazara a Birni ba ba zai gane ba: duwatsun nan na garin su sha rana tun safe, su yi ta dawo mana da ita har bayan magariba. Ruwan da ɗan garuwa ke kawowa kuwa da ɗuminsa yake isowa, kamar an sauke shi daga wuta. Abin da ya raba mu da wahala shi ne randar Inna. Daga garin Mirya ta zo da ita tana amarya, ta binne gindinta cikin yashi a kusurwar rumfa, ba a taɓa matsar da ita ba. Jikinta kullum a jiƙe yake, tana tsattsafo a hankali, iska na bugunta, ruwan ciki ya yi sanyi har ya kama maka goshi. A cikin damshin yashin nan Inna ta shuka ɗoɗɗoya, ba a ba ta ruwa, gumin randar ya ishe ta.

Liman da kansa ya zo ya ce wa Baba ya ajiye azumi ya ciyar, shekarunsa sun ba shi dama. Baba ya saurare shi da ladabi, ya raka shi zaure, washegari ya tashi da azuminsa. Tun rasuwar Inna abinci ba ya shigarsa sosai. Idan an kira salla, dabino zai ɗauka, ya sha moɗa cike daga randar nan, ya ƙara, sannan ya miƙa hannu ya tsinki ganyen ɗoɗɗoya ya murza yana shinshinawa. Kunu sai an yi da gaske yake kurɓa. A kan ruwan nan yake tsaye, kuma na san haka sarai.

Tsagar ta taso daga wuya ta gangaro har tsakiyar ciki. Kafin gari ya waye ruwan ya tsiyaye ya koma ƙasa da tsagar, yashin ya zama taɓo. Na ce ba komai, ai na ga yadda Inna ke yi da tulu. Na narka kakin zuma a kasko, na yagi tsumma na tsoma, na cusa cikin tsagar da tsinke, na shafe. Ya yi kyau kamar gaske. Ɗan garuwa na juye garwarsa, sai ga ruwa yana bin gefen kakin yana gangarowa, ko kunya babu. Na sake, na ƙona yatsa, ruwan ya sake ɓullowa ta wani wurin. Na gwada sabulu, Baba ya sha ya ce, "Uwata, yau wanki aka yi a randar?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Daga nan na aika wurin mahauci aka yanko mini ɗanyar fata, na ɗaure cikin randar da ita tamau, kamar yadda ake yi wa turmi idan ya tsage. A turmi fatar bushewa take yi ta matse. A jikin randa ina za ta bushe? Ta yi laushi, ta saki, ta fara wari, ƙudajen unguwa kaf suka taru a rumfarmu. Na kwance ta na jefa bayan gida ina tsaki, ina zagin keke da wanda ya ƙera keke.

Ranar ce Yaya ya shigo da ƙullin siminti a tsumma, ragowar da ake sharewa a wurin aikinsu, da cokalin gininsa a soke a ƙugu. Mutumin nan tun da ya fara taɓa siminti ya daina ganin komai da mutunci. Katangar zaure siminti, bakin rijiya siminti, ina jin da Baba ya yarda da har allon karatunsa ya shafe.

"Ke, matsa," ya ce. "Kaki da fata, sai ka ce zamanin kakanni. Nan da 'yan shekaru Damagaram gaba ɗaya wannan za ta koma."

Na ce, "Yaya, tsagar kawai za ka bi. Kada ka taɓa sauran jikin."

"Sauran jikin ma ai yoyo yake yi. Ba ki ga kullum a jiƙe take ba? Shekara da shekaru kuna asarar ruwa."

Na ce masa ba yoyo ba ne, haka randa take. Ya yi dariya, ya ce in koma wurin tukunyata. Ƙanwa ce ni, kuma bazawara a gidan uba, bakina bai kai ya hana magini gini ba. Baba yana ɗaki yana jan carbi. Ina kallo Yaya ya ciro randar daga gurbin da ta zauna tun kafin a haife shi, ya kifa ta, ya shafe ta tun daga gindi har baki, ya bi da bayan cokali yana gogewa har ta yi sumul. Da ta bushe ya mayar da ita, aka cika. Ko ɗigo bai fita ba. Har maƙwabta ya kira su gani, suna ta sa masa albarka, ni ina gefe kamar in fashe.

Da magariba na ɗebo wa Baba. Tun a hannuna na san an cuce mu, moɗar ba ta yi sanyin da na saba ji ba. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye da ƙyar. Ya ce alhamdulillahi, ya miƙo mini moɗar kusan a cike. Na ɗanɗana. Ruwan ɗumi ne, ga wani ɗaci-ɗaci na ƙura a maƙogwaro.

Haka muka shiga. Kullum kurɓa ɗaya, alhamdulillahi, ya miƙo. Leɓɓansa suka tsattsage, muryarsa ta shige ciki, ya daina fita masallaci, ya koma salla a zaune. Na roƙo ruwan sanyi a gidan maƙwabta, ya sha kaɗan ya ce a yi musu godiya. Yaya ya sayo sabuwar randa ranar kasuwa, Baba ya ce ƙasa yake ji, kamar ya lashi bango. Shi ma Baban ya ba ni haushi, ba zan ɓoye ba. Na durƙusa gabansa na ce, "Baba, ruwa ruwa ne. Ko ka sha ko ka ajiye azumin nan, ɗaya za ka zaɓa, ka daina kashe ni da raina." Ya ce, "To, Uwata," kuma bai yi ko ɗaya ba. Tsoro ya kama ni sosai, na fara tunanin ba zai ga salla ba.

Na sami Yaya na ce ya zo ya cire abin da ya shafa. Ya ce siminti ba riga ba ne da za a tuɓe, kuma tsufa ne ke damun Baba, ba randa ba. Ya ce aikin bai yi kyau ba ne? Ya yi yoyo? Na ce bai yi ba. Ya ce to me nake so kuma, ya hau kekensa.

Wata magariba, cikin goman ƙarshe, Baba ya kurɓa ya ajiye, sannan ya miƙa hannu wajen gindin randar yana lalube kamar yadda ya saba. Ni hankalina duk yana kan ruwa, ban lura yashin ya bushe ƙayau ba. Ɗoɗɗoyar ta zama kara. Ya kama ganyen, ya marmashe a yatsunsa. Ya daɗe yana murza garin, ya kai hanci, sannan ya ce a hankali, "Ita ma ta tafi ke nan."

Da safe na kwashe ruwan, na ɗauko ɗan dutsen niƙa da tsohuwar wuƙa, na zauna a ƙasa na rungume randar tsakanin ƙafafuna. Na fara daga wuya, ina ƙwanƙwasa a hankali, ina bismilla. Simintin ya kama yumɓun kam, duk ɓallin da ya fita sai ya tafi da naman randar. Na san haka tun bugun farko, amma zuciya ta riga ta hau, na ci gaba. Ban kai ko'ina ba tsohuwar tsagar ta buɗe, ta zagaya, rabin sama ya rufto a cinyata gunduwa-gunduwa. Na zauna cikin tsingaro na yi kuka mai isata, na zagi siminti, na zagi Yaya, na zagi hannuna.

Da na share ido sai na ga gindin yana nan lafiya, kamar babban kasko. Na sa bakin wuƙa a gefen simintinsa don haushi kawai, sai ya ɓallo a sauƙaƙe kamar ɓawon gyaɗa. Ashe gansakukar da ta shekara tana kwance a wurin ta hana shi kamawa. Na ɓare shi tas, jan yumɓun Mirya ya fito da duhunsa. Na wanke, na jiƙa yashin, na mayar da shi gurbinsa, na cika, na rufe da faifai. Ruwan da yake ci bai fi na mutum ɗaya ba. Wajen azahar na taɓa gefensa na ji ya fara gumi.

Aka kira salla. Na ɗebo na sa wa Baba a hannu. Ya kurɓa, ya tsaya. Sai ya kafa kai, ina jin ruwan yana wucewa a maƙogwaronsa, bai sauke ba sai da moɗar ta ƙare. Ya miƙo ya ce, "Uwata, ƙaro."

Yana cikin ta biyu Yaya ya yi sallama. Ya ga tarin tsingaro, ya ga guntun randa da bakinsa kaca-kaca, ya dube ni kamar zai cinye ni. Ya zaro cokalinsa ya ce wannan ɓarna ce, amma bari gobe ya kawo siminti ya daidaita bakin, kada ya yanki wani. Na miƙe tsaye, na riga na shirya abin da zan faɗa masa, ƙanwa ko ba ƙanwa ba. Baba ya riga ni.

"Ajiye cokalin nan," ya ce. "Zo ka sha ruwan uwarka."

Yaya ya dubi guntun randar. Sannan ya ajiye cokalin a ƙasa, ya tsuguna, ya karɓi moɗar daga hannun Baba ya shanye ragowar. Bai tashi ba, bai kuma ɗago kai ba, har na gaji da jira na je na sauke kunu.

Baba ya ga salla, da ƙafarsa ya je idi, Yaya na riƙe da hannunsa. Guntun randar ya ci gaba da aiki, sau biyu nake cika shi a yini, kuma duk wanda ya ɗebi ruwa ba da kula ba sai bakin ya karce shi. Ɗoɗɗoyar dai ba ta sake tsirowa ba, ko da yake na yi ta zuba mata ruwa har damina ta sauka.